Farin Yadin Yaya

Ni mai kitso ce, don haka tun kafin likita ya san abin da ke sauka a layinmu, matajina ya sani. Uwa za ta wanke wa 'yarta kai da safe ta turo min ita da hantsi, ina tsaga gashin sai in ga fatar kan ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Da farko uwayen nake zagi a raina. Daga baya na lura nawa kan ma haka yake, ni kuwa ba a haifi wanda zai ce min ƙazama ya kwana lafiya ba.

A ƙarshen layin, bayan wata doguwar katanga, akwai masana'antar da ake fasa tsofaffin baturan mota ana narka dalmar da ke ciki. In sun kunna murhunsu, hayaƙin ba ya tashi sama kamar hayaƙin kirki. Kwanciya yake yi, ya bi rufin gidaje, ya sauka a kan shanya, a kan tabarma, a cikin ruwan da ka manta ba ka rufe ba. Ruwan wankin kayansu kuma ta kwatarmu yake bi, toka-toka da shi, ko sauro ba ya ƙyanƙyasa a ciki.

Yayata tela ce. Shagonta ɗakin ƙofar gidanmu ne: keken ɗinki, teburin yanka, benci ɗaya. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya tak, wadda muke kira Tsuntsuwa saboda siraran ƙafafu da rashin zama wuri ɗaya. A ɗakin ciki kuma Innarmu ce kwance, ɓarin jikinta ya shanye, ba ta juyawa sai an juya ta. Yaya ce ke ɗaga ta, ita ke yi mata wanka, kuma keken nan shi ke ciyar da mu duka. Duk mai cewa me ya hana mu tashi daga layin, ya zo ya ɗauki Inna ya nuna mana inda za mu kai ta.

Da ciwon ciki abin ya fara wa Tsuntsuwa. Sai ta daina cin abinci. Sai mantuwa: a aike ta sayo zare, ka leƙa ka same ta tsaye a tsakiyar layi tana kallon hannunta. Likita ya auna jininta ya ce dalma ce. Bai yi wa Yaya kwana-kwana ba.

"Zan ba ta magani," in ji shi, "amma ina cirewa, iskar gidanku tana mayarwa. Ko hayaƙin ya bar yarinyar, ko yarinyar ta bar hayaƙin."

Baffan Tsuntsuwa, wan mahaifinta, yana wani gari mai nisa. Da ya ji labari ya zo da kansa ya ce zai tafi da ita, matarsa za ta riƙe ta. Ba mugu ba ne, abin haushin ke nan, da mugu ne da na samu wanda zan zaga. Yaya ta durƙusa ta roƙe shi ya ba ta lokaci, za ta sa a rufe wurin. Ya dube ta da tausayi ya ce ya ba ta zuwa ƙarshen damina, in hayaƙin bai tsaya ba zai dawo da mota.

Daga ranar Yaya ta zama wata daban. Macen da ko cinikin ɗinki sai na yi mata, ita ce ta shiga bin gidaje ɗaya bayan ɗaya tana tambayar wa ke tari, wa ke ciwon ciki, ɗan wa ya koma baya a makaranta. Mata suka fara taruwa a shagonta da la'asar, wasu a benci, wasu a ƙasa cikin guntayen yadi. Maza suka ja baya da farko, don wasunsu a masana'antar suke ci, amma da matansu suka hana su sakat sai suka fara zuwa suna tsayawa a bakin taga.

Wadda ta fi kowa tsaya wa Yaya ita ce Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, gidanta na kallon namu. Layi duka Gwaggo Tsaf-tsaf ake kiranta. Mace ce da ke wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi. In ka zauna a kujerarta, kana tashi tana kakkaɓewa, kana kallo. Ita ce a gaba ranar da muka je ƙofar masana'antar, kuma ita manajan ya kalla da ya fito. Ya saurare mu hannu a aljihu, ya leƙa layin ta saman kawunanmu, ya ce:

"Ku fara share ƙofar gidajenku tukuna. Ƙazantarku ce ke kwantar muku da 'ya'ya."

Na ga fuskar Gwaggo a lokacin. Da marinta ya yi da ya fi mata sauƙi. Maganar nan ta zauna wa mutanen layinmu a maƙogwaro, ana ta maimaita ta a bakin famfo da wajen mai shayi har damina ta yi nisa.

Muka koma ofishin kula da muhalli. Duk mako sai mun je mu cika musu benci, da goyo da jarirai masu kuka, mu zauna tun safe har a tashi. Muka nuna musu hotuna a waya, suka ce hoto ko'ina ana iya ɗauka. Da suka ga ba za mu gaji ba, suka ce to, za a turo jami'i ya gani da idonsa. In ya ga dalili, shi zai sa a turo masu na'urar awo, su kuwa suna da ikon rufe wuri. Sai dai ba su ce yaushe ba.

Nan Yaya ta yi dabararta. Ta ɗauko bandir guda na farin yadi, sabo fil, wanda ta saya don aiki, ta yanka shi ƙyalle-ƙyalle ta kalmashe bakin kowanne. Ta raba wa kowane gida ɗaya, ta ce a rataye a saman ƙofa ƙarƙashin rumfa inda ruwan sama ba ya kaiwa, kada kowa ya taɓa sai jami'i ya zo. Kafin wata ya ƙare sun koma ruwan toka. Can gaba suka yi baƙi ƙirin, in ka ɗora yatsa sai ya fito da maiƙo. In ka tsaya a bakin layi ka hango su a jere har katangar masana'anta, ba ka buƙatar kowa ya yi maka bayani. Gwaggo kan kauda kai duk sanda za ta shiga gidanta, ta ce tsumman goge tukunya ma ya fi wannan mutunci, amma ta daure.

Yaya har ta raba wa mutane abin da za su faɗa. Mai facin taya na layinmu, da yake Allah ya ba shi murya, shi aka ba zancen ƙyallayen. Ya haddace shi kamar karatu, yana buga taya yana bita.

Da saƙo ya zo cewa jami'in zai zo ranar kaza, layi ya ɗauki murna. Ana gobe zai zo, da safe, Tsuntsuwa ta faɗi a tsakar gida ta sanƙame, idanunta suka kafe. Ni da Yaya muka kwashe ta sai asibiti, muka bar Inna a hannun Gwaggo. Can muka yini, can muka kwana. Ba wanda ya kira mu ya faɗa mana komai, wai so suke su ba Yaya mamaki.

Sun kuwa ba ta. Motar haya ta sauke mu a bakin layi da hantsi, Yaya na goye da Tsuntsuwa, ƙafafun yarinyar na reto har gwiwarta. Na ɗauka direban ya ɓata hanya. An share layin tas, an yayyafa ruwa. Bangon kowane gida ya sha farar ƙasa, har yanzu da danshi. Kwata an yashe ta har ƙasa, an kwashe baƙin taɓon a baro an kai can bayan gari, an kora ta da ruwa mai kyau. A saman kowace ƙofa ƙyallen Yaya na rataye, fari sol, an wanke, an goge, karin guga na nan a jiki.

Yaya ta tsaya. Ta bi ƙyallayen da ido ɗaya bayan ɗaya.

Gwaggo ta taho da sauri cikin kayanta na fita, fuskarta cike da fara'a, hannayenta duk sun saɓule saboda sabulu.

"Ya jikin 'yar tawa? Kin ga aiki ko? Tun jiya da azahar ba wanda ya zauna. Ƙyallayen nan sai da muka tafasa su sau biyu kafin suka saki."

"Gwaggo," in ji Yaya a hankali, "me kuka yi?"

"Me muka yi kamar yaya? Babban baƙo zai zo, ya same mu cikin dauɗa? Ai sai ya ce mutumin can ya yi gaskiya, mu ne ƙazamai. Yau dai za su san mu ba mutanen banza ba ne."

Haka layinmu yake tun ina yarinya. In wani gida zai yi baƙon kunya, layi duka ke fitowa da tsintsiya, don kada a koma a ce ga inda wance take zaune. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi me baƙon ya zo gani. Na ɗaga kai na dubi bututun masana'anta, ko ɗigon hayaƙi babu. Su sun san ranar, sun kashe murhu tun jiya wai suna gyara. Wannan kam mun zata. Abin da ba mu zata ba shi ne mutanenmu za su ƙarasa musu sauran aikin da hannunsu, kyauta.

Ban gama buɗe baki in yi wa Gwaggo rashin kunyar da ban taɓa yi mata ba, motar ofis ta shigo.

Jami'in dattijo ne mai furfura, da gani ya gaji da duniya. An jera masa kujera a inuwa, an kawo ruwan sanyi a kofin da Gwaggo ba ta ba kowa. An jera yara a gefe, an yi musu wanka an shafe su da mai suna ƙyalli. Masu tari da masu rama kuwa an kulle su a ɗaka, don ba a nuna wa baƙo abin kunya. Ya sha ruwa, ya tashi ya bi layin a hankali har katanga, ya leƙa kwata, ya shaƙi iska. Ya dawo ya tsaya a ƙofar Gwaggo.

"Mama, yaya zaman layin naku?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Mun gode Allah."

Macen da ta yi wata da watanni tana zaman benci don ta faɗi akasin haka. Bakinta ne kawai ya yi abin da ya saba yi a gaban baƙo.

Ya ɗaga kai ya ga ƙyallen, ya tambayi na mene ne. Mai faci, da ya ji an zo wurinsa, ya matso gaba ya gyara tsayuwa ya saki murya:

"Ranka ya daɗe, waɗannan ƙyallaye tun kafin damina suke rataye a nan, ba wanda ya taɓa su. Abin da ka gani a jikinsu, shi ne abin da 'ya'yanmu ke shaƙa dare da rana."

Ya faɗa daidai, bai tsallake ko kalma ɗaya ba, har ya waiwayo yana neman idon Yaya ta yaba masa. Jami'in ya miƙa hannu ya shafa ƙyallen, ya dubi yatsunsa.

"To ai ni ma da iskar gidana haka take, da na gode," ya ce.

Yaya ta kutsa cikin mutane da yarinya a baya.

"Yallaɓai, jiya aka wanke su. Baƙi ƙirin suke. Jiya ba na nan, ina asibiti da wannan."

"Malama, wannan bawan Allah yanzu ya ce ba a taɓa su ba. Ke kin ce an wanke. Wa ya wanke?"

A lokacin ne abin ya fara shiga kawunansu, na ga yana shiga, fuska bayan fuska. Kalma ɗaya ake nema. Ana jiran Gwaggo ta amsa cewa ita ce, ko wata cikin matan da suka tafasa ruwa ta ce su ne. Amma wa zai tsaya a gaban babban baƙo, gaban maƙwabta da surukai, ya ce shi ne wawan? Gwaggo ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafinta. Mai faci ya ja baya ya shige cikin maza.

Na ja dattijon nan har cikin gidanmu, ina cewa ya zo ya ga bangon ɗakin Inna. Ashe nan Gwaggo ta fi ba ƙarfi, har labule ta canza. Na jingina tsani na hau rufi da zanena na debo ƙura a tafin hannu na kawo masa. Ya duba, ya ce duk rufin da ke garin nan in aka hau za a samu irinta, hayaƙin motoci ma ya isa. Yaya ta juya masa bayanta ya ga Tsuntsuwa, kanta ya langaɓe a kafaɗa. Ya daɗe yana kallonta.

"Yarinya kam ba ta da lafiya, Allah ya ba ta sauƙi," ya ce. "Amma ni wuri aka turo ni in duba, kuma abin da na gani shi zan faɗa. Ban taɓa shiga layi mai tsabtar wannan ba."

Wasu daga baya har suka ce sun gode.

Da la'asar aka kunna murhu. Farar ƙasar ba ta yi mako ba ta koma yadda take. Muka koma ofis, ni da Yaya da mata biyu, aka ce an rufe maganar, ba a sake buɗe koke iri ɗaya sai an daɗe. Mako na gaba ni da Yaya ne kawai a bencin.

Kunya in ta rasa inda za ta sauka, haushi take zama. Mutanen da suka wanke ƙyallayen suka fara cewa ai dama Yaya ce ta ɗaga musu hankali, ta sa sun rataye tsummoki a ƙofa kamar mahaukata. Masu kawo ɗinki suka ragu. Gwaggo ta shigo sau ɗaya, ta tsaya daga bakin shago, ba ta zauna ba.

"Kin ce kada a taɓa sai ya zo. Ai ya zo. Ba ki ce har ranar ma a bar su haka ba."

Yaya ba ta ɗago daga keke ba. Ni na ba ta amsa, kuma abin da na faɗa mata ya sa har yau ba ma gaisawa. Ban yi nadama ba.

Ana haka sai ga motar masana'anta da tsintsiyoyi da bokitai sababbi, wai kyauta ce ga maƙwabta masu tsabta. Na tsaya a ƙofa ina jiran in ga wanda zai mayar musu. Har rigima aka yi a kan bokiti mai murfi.

Damina na ɗaukewa Baffa ya zo da mota, kamar yadda ya faɗa. Yaya ba ta roƙe shi ba wannan karon. Ta haɗa kayan yarinyar da kanta, ta ce mata hutu za ta je, ta tsaya a ƙofa har motar ta fita layi. Sannan ta shiga ta juya Inna, don lokacin juya ta ya yi.

Sai da aka daɗe kafin muka samu wadda za ta zauna da Inna yini guda, muka je ganin Tsuntsuwa. Yaya ta ɗinka mata riga, ta ƙara tsawo da faɗi bisa ƙiyasi. Gidan Baffa na da tsakar gida mai faɗi da bishiya. Muna sallama muka hango ta tana tsalle da 'ya'yan gidan, ta yi kumatu, fatarta ta yi haske. Yaya ta saki ledar hannunta ta buɗe hannuwa.

Matar Baffa ta shiga tsakani. Cikin ladabi ta yi maganar, tana murmushi.

"Maman Tsuntsuwa, ki yi haƙuri. Likitan nan ya ce ƙurar tana bin kaya da gashi. Ga banɗaki can, na ajiye miki ruwa da zane. Rigar da kika kawo ma bari a wanke tukuna."

Gaskiya ta faɗa. Yaya ta shiga ta yi wanka, na ji tana ta dirza kamar za ta cire fata. Ta fito cikin zanen aro da ɗankwalin aro, ta durƙusa ta rungume 'yarta. Yarinyar ta tsaya ƙiƙam na ɗan lokaci, sannan ta zame jikinta tana toshe hanci.

"Kina warin can," ta ce. Ta ruga ta ɓuya a bayan matar Baffa, ta kama zanenta. "Umma, ba da ita zan koma ba ko?"

"Ba inda za ki," in ji matar.

"Ba inda za ki," Yaya ma ta ce, tana murmushi don kada yarinyar ta tsorata.

A motar dawowa mun yi nisa ba wanda ya yi magana. Can Yaya ta ce, "Ta yi ƙiba, ko?"

Na ce ta yi.

Ta gyaɗa kai ta juya wajen taga. Da ta ɗauka ba na kallo, na ga ta ɗaga hannunta a hankali tana shinshina fatarta.